Tabon Girar Baba

Zuwa ga Mai Hoto,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da maiɗakinka da 'yar ɗiyarku. Ka gaishe min da Gwaggo, ka yi mata ya ƙafa. Mu nan mun gode Allah. Inna jiki da sauƙi, kan ne dai sai a hankali. Jiya ta kira ni da sunan ƙanwarta, shekaranjiya kuwa ta tambaye ni ko ni ce sabuwar 'yar haya.

Kada ka ga takarda ka ɗauka kewarka ce ta dame ni. Aiki na kawo maka, tunda a duk dangi kai Allah ya ɗora wa gyaran fuskokin mutane. A cikin kwalin da direba zai miƙa maka akwai hoton Baba, kawunka, wanda ke rataye a ɗakin Inna. Shi ke nan gare mu, babu na biyu. Ka san halinsa, da ya hango kyamara sai ya ce ya bar mota a ɗage a gareji. Ruwan makon jiya ya sami kafa a kwanon rufi, ya bi bango ya shiga bayan gilashin. Kafin in dawo daga shagon maganin da nake aiki rabin fuskar ya jiƙe ya manne. Na kai hannu zan ɓanɓare, sai na tuna ka taɓa cika mana kunne a kan hakan, na bar shi yadda yake.

Bari in gaya maka aikin da hoton nan yake yi a gidanmu, don kada ka cusa shi ƙarƙashin hotunan amare. Inna ta manta Baba ya rasu. Kullum da safe sai ta gaishe shi, ta kai masa ƙarata. Ba ta shan magani sai na nuna bango na ce ga shi can yana kallonki. Ba ta cin abinci sai an ajiye nasa kwanon a teburin da ke ƙarƙashinsa. Tunda na sauke shi take zaune tana kallon ƙusa. Yau da rana maƙwabciyarmu ta tsinto ta a bakin titi da mayafinta, wai za ta gareji ta ga abin da ya tsare shi. Yanzu in zan fita aiki sai na kulle ƙofar gida na jefa makulli a jaka, kamar mai gadin kurkuku.

Ga wata sabuwar tsirfa kuma. In na sunkuya zan ba ta ruwa sai ta kama kaina ta dinga goge min goshi da babban yatsa, sai ka ce ta ga baƙin tukunya. Har wurin ya fara zafi. Ture hannun nake yi, ba ni da lokacin wasa.

Ka hanzarta, kuma ban da iyayi. Ka mayar min da shi yadda yake.

Taubashiyarka,
Auta

Zuwa ga Auta, uwar mita,

Bayan gaisuwa, duk muna lafiya. Gwaggonki ta amsa, ta ce ƙafa ta yi sauƙi, kuma ki rage faɗa ko kya yi ƙiba. Allah ya ba Inna lafiya, ya ba ki ladan jinya.

Ki buɗe kwalin nan a hankali, sannan ki nemi kujera, don kada daɗi ya kayar da ke. Na ajiye aikin mutane na yi na Kawu, har wata amarya ta zo ta zazzage ni a gaban shago.

Ga yadda aka yi. Na jiƙa gilashin a ruwa har takardar ta saki don kanta. Gefen dama ya fita lafiya lau. Gefen hagu kuwa, daga goshi har kunci, ruwan rufinku ya riga ya cinye shi, ba abin da ya rage sai jirwaye. Wani da ya gani cewa zai yi a haƙura. Ni kuwa na yi abin da muke yi in rabin fuska ya lalace. Na shigar da gefen da ya tsira cikin kwamfuta, na kwafe shi, na juya shi, na manna a ɗaya gefen. Ai fuska gida biyu ce iri ɗaya, ido nan ido can. Daga nan na share ƙura, na rage duhun da rana ta sa masa, na ɗauke baƙin man da ke wuyan rigarsa. Na ɗan cike masa kumatu, don na ga kamar ranar bai karya ba.

Auta, Kawu ya fito kamar shugaban banki. Duk wanda ya shigo shago sai ya tsaya ya tambaya wane babban mutum ne wannan. Na sa masa sabon firam mai ruwan gwal. Tsohon yana wurina, in kina son jirwayenki sai ki ce.

Ba na neman godiya, na san a gidanku tsada take yi. Amma in Inna ta sa min albarka ki isar min da ita cikakkiya, kada ki gutsira.

Naki,
Mai Hoto

Mai Hoto,

Ina gaisuwa don an koya min gaisuwa, ba don raina yana so ba. Da fatan kuna lafiya. Mu nan ba mu da lafiya, kuma kai ne sanadi.

Na buɗe kwalinka a tsaye, kuma ban faɗi ba. Na daɗe ina kallon mutumin, wani abu yana sukata, amma na ce ƙila idona ne ya saba da tsohon. Na rataye shi a ƙusar kafin Inna ta fito daga wanka. Ta shigo tana ɗaura ɗankwali, ta ɗaga kai, sai ta ja da baya ta rarumo mayafi ta rufe jikinta.

"Wane ne wannan?"

Na ce, "Inna, Baba ne. An wanke shi ne."

"Wane Baban? Ke yarinya, cire min hoton ƙaton nan daga ɗaki kafin maigidan ya dawo. So kike ki kashe min aure?"

Ta juya wa bango baya, ta zauna a gefen gado. Ranar ko ruwa da ƙyar ta sha. Na sauke shugaban bankinka na cusa shi bayan kabad, yana can yana hira da gizo-gizo.

Ina tabon Baba? Ina tabon da fankar mota ta yi masa a gira? Na sani, yana gefen da ruwa ya ci. Amma kai ba baƙo ba ne da aka kawo wa aiki daga titi. Mutumin nan ya goya ka a kafaɗa kana riƙe da wannan goshin. Ka rubuto min takarda cike da yabon kanka, har da kumatu, amma ko sau ɗaya ba ka ambaci tabon ba. Ka manta ne, ko kuwa hannunka ya saba da share duk abin da bai yi maka kyau ba har ka daina gani?

Wai fuska gida biyu ce iri ɗaya. Wa ya gaya maka? Idon Baba na hagu a rusune yake tun ranar da fanka ta sare shi. In ya yi dariya bakinsa gefe guda yake tafiya. Mutumin da ka aiko min bai taɓa kwanciya ƙarƙashin mota ba, bai taɓa wuni a rana ba, bai taɓa binne ɗa ba. Baƙin man da ka goge a wuyan rigar, da shi aka ciyar da mu, kai ma ka ci a ciki shekarun da ka zauna a gidanmu. Ka ji kunyar kawunka bakanike, shi ne ka yi masa ƙarin girma bayan ya mutu.

Na cika na batse, wallahi. Na ce maka ban da iyayi, da bakina na faɗa, da hannuna na rubuta. Ka mayar masa da tabonsa da idonsa da baƙin mansa, ka aiko ta hannun direban da ya kawo maka wannan.

Auta

Mai Hoto,

Gaisuwa. Wata ya mutu wani ya kama, ban ga kwali ba, ban ga takarda ba. Na kira wayarka har na haddace muryar matar da ke cewa a kashe take. Direba ya ce ya je shagonka ya tarar da kwaɗo a ƙofa.

Sai da na kira Gwaggo na ji labari. Wai ka rufe shago. Wai tun asuba kake masallaci, ba ka dawowa sai an yi isha'i. Wai ka daina surutu, har maiɗakinka ta fara tambaya ko a kai ka asibiti. Gwaggo kuwa murna take yi, ɗanta ya zama na Allah.

Allah ya karɓa. Amma kafin ka gama zama waliyyi, ka sani Inna ta rame har zobenta yana zamewa daga yatsa. Cokali biyu take ci, shi ma sai na yi mata ƙarya cewa Baba ya yi tafiya ya ce ta ci kafin ya dawo. Da yamma sai ta tsaya a bakin ƙofar da na kulle tana jijjiga ta tana kiran maƙwabta su buɗe mata. Ni kuma ina shago ina ƙirga wa mutane ƙwayoyi, hankalina yana gida, jiya saura kaɗan in ba mai tari maganin basir.

Ka yi kunnen uwar shegu da ni in ka ga dama. Tsohuwar nan dai ba ta yi maka komai ba.

Auta

Zuwa ga 'yar'uwata Auta,

Assalamu alaikum. Ina roƙon Allah ya sa wannan ta same ku cikin rahamarsa, ya sauƙaƙa wa Inna. Mu lafiya lau. Ki yafe min shirun, ba raini ba ne.

Ranar da takardarki ta zo na ji haushi ƙwarai, na ce wannan ita ce godiyar. Na zauna gaban kwamfuta da niyyar in zana tabon in aiko miki ki huta. Na ɗora hannu, sai na tsaya. Na san yana hagu, na san yana gira. Amma ina ya fara, ina ya nufa, ina ya ƙare? Auta, ban sani ba. Na yi shekara da shekaru a gidanku ina kallon fuskar nan, amma abin da idona ya koya shi ne tabo abin sharewa ne, ba abin kallo ba.

Ina zaune a haka ɗiyata ta shigo daga makaranta. Akwai madubi a shago inda mutane ke gyara hula. Ta tsaya gabansa, ta dubi hotonta da na manna a bango, ta sake duban madubin, sai ta ce, "Baba, me ya sa a hoto na fi kyau? Yaushe zan zama kamar waccan?"

Tun tana jaririya nake rage mata baƙi a hoto, nake gyara mata hanci. Ba wanda ya sa ni. Na duba nawa hotunan, babu ko ɗaya mai tabon ƙarambau ɗin da ke kumatuna. In na mutu yau, babu takardar da za ta nuna wa yarinyar nan ubanta. Na ga shekara da shekaru ina bin halittar Allah da abin gogewa, wai ni mai gyara. Na rufe shagon na tafi masallaci, kuma a can na sami wata natsuwa da ban taɓa sani ba. Ina sallah yanzu ina jin abin da nake faɗa. Na yi niyya ba zan ƙara taɓa fuskar kowa ba.

Ga tsohon hoton nan na mayar miki, da jirwayensa. Ki yi haƙuri, 'yar'uwa. Na gane hoto takarda ce kawai, ruwa ya taɓa ta ta tafi, kamar mu. Ƙila Allah ya aiko ruwan nan ne don ya raba zukatanmu da takarda. Ki dinga yi wa Kawu addu'a, ita ce za ta kai gare shi. Ki lallaɓa Inna a hankali har ta saba. Ke ma ki nemi lokaci ki zauna da Ubangijinki, za ki ga wannan zafin ran ya ragu.

Ɗan'uwanki mai neman gafara

Malam Mai Hoto,

Wa alaikumus salam. Na ga saƙo, na ga tsohon hoton, na ga wa'azi. Inna ta karɓi tsohon ta juya shi sama da ƙasa ta ce wa ya zubar da shayi a takarda.

Na tambaye ka tabo, ka aiko min da huɗuba. Wato kai ka ɓata, kai ka sami natsuwa, ni kuma in yi haƙuri. Rabon ya yi kyau. Kana can kan tabarma, fanka tana kaɗa ka, kana jin abin da kake faɗa. Ni in na tayar da sallah kunnena ɗaya yana ƙofa. Ban kai ruku'u ba za ta kira, ban kai sujada ba za ta zubar da ruwa a katifa. In na sallame ban san raka'a nawa na yi ba. Shi ne za ka ce in nemi lokaci. A wace kasuwa ake sayar da shi?

Kuma wai in lallaɓa ta ta saba. Ta saba da me? Matar da ba ta riƙe abin da aka gaya mata daga ɗaki zuwa tsakar gida. In gaya mata mijinta ya mutu yau, ta yi kuka, gobe ta manta, in sake kashe mata shi? Na gwada sau ɗaya, farkon ciwon. Ba zan ƙara ba ko duk malaman duniya sun taru.

Kada ka sa Allah a cikin yoyon rufinmu. Kwano ne ya ruɓe, na gaya wa Yaya, babban wana, tun bara, ya ce zai turo mai gyara, har yau yana turowa. Kowa yana da inda ya ɓuya. Yaya ya ɓuya a bayan aiki, kai ka ɓuya a masallaci. Abin da ka gani a madubi ƙila gaskiya ne, ban musa ba, maganar yarinyar nan ta taɓa ni. Amma wanda ya fasa tulu ba ya tafiya i'itikafi ya bar mutane da ƙishi, tsayawa yake ya ga yadda za a yi.

Tunda ana faɗin gaskiya, ga tawa. Bayan na karanta takardarka na ɗauko biro na ce bari in zana maka tabon da kaina, in kunyata ka. Na zauna da takarda a cinya har aka kira magariba. Ni ma ban sani ba. Ni da na yi jinyarsa, na goge wannan goshin da tsumma safe da yamma, ban iya cewa sama ya yi ko gefe. Ina rufe ido sai fuskar shugaban bankinka ta fito min. Ka ga abin da ka yi, ka shiga har cikin kaina ka share.

Na yi kuka, kuma ba kukan tuba ba ne, na haushi ne. Ina jin haushinka, ina jin haushin Yaya, ina jin haushin Inna in ta kama min goshi. Akwai wani haushin kuma da ba na iya rubutawa, wanda yake tsaya min a wuya in na ɗaga hannu zan yi addu'a. Tun rasuwar Baba baki kawai nake motsawa. Ka ji, malam. Sai ka sa ni a addu'arka mai natsuwa.

Amma kafin nan ka buɗe shagon nan. Ka ce ba za ka ƙara taɓa fuskar kowa ba. Wannan ka riga ka taɓa ta, ka gama abin da ka fara.

Auta

Auta,

Muna lafiya, da fatan Inna ta ɗan ci wani abu. Na karanta takardarki a tsaye, na ninke ta, na rantse ba zan amsa ba. Ban ce ki je ki gaya wa Inna Kawu ya mutu ba, ke kika karanta hakan. Kuma natsuwar da na samu ba ƙarya ba ce, ba kuma fanka ce ta kawo ta ba. Kin iya yanka mutum, tun muna yara haka kike.

Amma maganar ɓuya ta bi ni har sahu. Ina zaune bayan azahar, kowa ya watse, liman ya zo yana naɗe tabarmi. Ya tsaya a kaina ya ce, "Mai hoto, tabarmar nan ta fara ɗaukar siffarka. Akwai wanda ka ɓata wa ne a waje?" Na ce akwai. Ya ce, "To ai ba a nan yake ba. Ɗaga min in naɗe."

Na buɗe shago. Yanzu duk wanda ya zo sai na gaya masa yadda Allah ya yi shi haka zai fito. Rabinsu sun koma wurin maƙwabcina mai ɗaukar hoto. Wata hajiya ta ce in ita tana son ganin gaskiya ai tana da madubi a gida. Na ɗauki ɗiyata sabon hoto, ni da ita, ban taɓa komai ba. Ta daɗe tana kallo, ta ce kumatuna kamar an yi ruwan ƙanƙara a kan yashi. Ta sa shi a jakar makaranta.

Ga Kawu nan kala uku. Na mayar masa da duhunsa da baƙin mansa, na rusunar da idon. Tabon ne kowanne da irin nasa, don na tambayi Gwaggonki ta ce a tsaye yake, na tambayi wani tsohon abokin aikinsa ya ce a kwance. Na uku kuwa ni na ƙaga. Ki gwada mata. In duk ba su yi ba ki faɗa, zan sake, ko sau nawa ne.

Maganar abin da ya tsaya miki a wuya, ba ni da wa'azi a kai. Na daina.

Mai Hoto

Zuwa ga taubashina,

Gaisuwa, ta gaske wannan karon. Ka gaishe da Gwaggo da maiɗakinka, ka ce wa yarinyar nan ta fi hotonta kyau, in ji ni. Ka gaishe min da limaminku ma, da ina kusa da na saya masa sabuwar tabarma.

Kawunnanka uku sun iso, kuma duk sun faɗi jarrabawa. Na jera su a gado. Inna ta dubi na farko ta ce wannan ɓarawo ne, ta dubi na biyu ta ce wannan ya sha duka, na uku kuwa dariya ta yi har da tari. Rabon da in ji dariyarta na manta, don haka ban ce aikinka ya tashi a banza ba. Amma abinci dai ba ta ci ba. Na tattara su na zauna zan rubuto maka wata mai zafi, har na fara.

Ranar ba ni da aiki. Bayan la'asar ina wanki a tsakar gida, sai na lura gidan ya yi tsit. Na leƙa jakata, ba makulli. Na ruga ƙofa da kumfa a hannu, na tarar tana kulle. Na dawo ɗakinta, sai ga ta zaune a ƙasa ta ba ni baya. Ta jawo shugaban bankinka daga bayan kabad, na farkon nan mai sumul. Ta ɓalle bayan firam ɗin ta zare gilashin, ta ɗora hoton a cinya, tana kartar fuskar da bakin makulli.

Na buɗe baki zan yi mata tsawa. Har na ce, "Inna, me kike," sai na ga hannun. Ba karta take yi irin ta ɓarna ba. A hankali take ja, harshenta a tsakanin haƙora. Ta fara daga tsakiyar girar hagu ta raba ta biyu, ta hau goshi kaɗan, ta lanƙwasa wajen kunne kamar ƙugiya. Ta ɗaga makullin, ta ƙara wani ɗan guntu a ƙasan ido.

Shi ne. Wallahi shi ne, har ɗan guntun da duk muka manta. Farin layi ɗaya a kan takardarka mai tsada, sai ga Baba yana kallona. Na zauna a bakin ƙofa.

Ta hure ɓurɓushin takardar, ta ɗaga shi daidai fuskarta ta ce, "Ina ka shiga haka? Dubi yadda ka yi fari, ba ka da lafiya ne?" Sannan ta waiwayo ta harare ni. "Ke kuma kin zauna. Ba za ki kawo masa abinci ba?"

Na kawo kwano biyu. Ta cinye nata, ta ɗan taɓa nasa.

Da na zo kwashe kwanukan na sunkuya, ta kama kaina kamar kullum ta ɗora babban yatsa a goshina. Na ɗaga hannu zan ture, sai na ji inda yatsan yake bi. Tsakiyar gira, sama kaɗan, ya lanƙwasa wajen kunne. Kowa yana cewa ni na ɗauko goshin Baba. Wata da watanni tana zana min shi a fuska, ni ina faɗa da kai, ina faɗa da Yaya, ina tambayar Allah me ya sa ya ƙwace min komai, abin kuwa yana kan goshina safe da yamma ina ture shi. Da magariba na yi sallah, ta kira ni ina raka'a ta biyu kamar yadda ta saba. Amma da na ɗaga hannu ban ji abin nan a wuya ba. Ban roƙi komai ba, na dai zauna.

Kada ka ɗauka na huce gaba ɗaya. Kumatun nan da ka cika har yanzu suna ba ni haushi, kuma firam ɗinka mai ruwan gwal ya yi wa ɗakin ƙarya. Kuma na san ka. Kana gama karanta wannan za ka ce in aiko maka da shi ka kwafi layin ka gyara shi ya yi kyau. Ba zan aiko ba. In kana son ganin kawunka ka shiga mota ka zo da kyamararka, ka ɗauke ni da Inna yadda muke, da ramarta da harararta da ƙurajena. Ka zo da mai gyaran rufi in ka samu.

Yanzu ma tana kirana. Ruwa za ta sha, kuma na san sai ta kama min goshi. Bari in je in sunkuya.

Taubashiyarka,
Auta